Bakin 'Yar Sajan

Litinin, 7 ga Oktoba, da safe, cikin feri

Saƙon Baba ya shigo tun kafin jirgin ruwan da ke kai mu Manhattan ya bar tashar St. George, kamar kullum. "Uwata, 'yar Sajan, mai bakin zinariya! Kin yi dogon sautinki na safe? Kada ki ce mini sanyi ya hana ki." Tun da na zo garin nan mutumin nan bai taɓa fashin saƙon safe ba, ko ranar da aka cire masa haƙori sai da ya turo, yana magana kamar mai tuwo a baki.

Ya ce ya gama magana da mai hayar kujeru. Ranar Lahadi goma ga Nuwamba za a nuna wasanmu kai tsaye a intanet, shi ne ya gayyato duk wanda ya rage da rai cikin tsofaffin 'yan badujalar 'yan sanda na Kaduna, su zo tsakar gidanmu su kalli 'yarsa. Har janareta ya aro. Ni 'yasu!

Na daɗe a kujera ta biyu a sashen ƙaho na okestirarmu, babbar ƙungiyar makaɗan da nake wa aiki. Mai kujera ta ɗaya ya yi ritaya, aka ce in riƙe ta na gwaji zuwa wasan Nuwamba, daga nan kwamiti ya yanke ko tawa ce ko a nemo wani. Kiɗan da aka zaɓa kuwa ƙaho ne ke buɗe shi, shi kaɗai. Duk sauran na zaune da kayansu a cinya, ba mai motsi, sai ni. Abin da nake roƙon Allah ke nan tun ina makaranta.

Na yi dogon sautin yau. Abin ya sake yi. Gajiya ce.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan la'asar

A wajen gwaji yau, Peter, wanda ya hau kujerata ta biyu, ya juyo ya dube ni sau ɗaya ya kawar da kai. Da aka tashi hutu ya miƙo mini man leɓe, wai iskar kaka na busar da fata. Na ce na gode, ina da nawa. Mtsw. Da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Yaron kirki ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Mutane suna ɗauka aikinmu busa ne. Zama ne. Ki zauna kina ƙirga shiru a zuci har ƙafarki ta yi sanyi, sannan ki ɗaga ƙarfe ki fitar da sauti ɗaya wanda na kujerar ƙarshe a bene zai ji in ya karkace. Mai goge in ya kuskure yana da 'yan uwa jere a gefensa da za su rufa masa asiri. Mai ƙaho ba shi da kowa. Na san haka na shiga, kuma ina son sa haka. Baba ya ɗora mini tsohuwar begilarsa a baki ina 'yar firamare, a bayan bariki, matan layinmu suna cewa Sajan Bawa ya rasa ɗa namiji ne ya sa zai lalata bakin yarinya. Ya ce su ci gaba da wankinsu.

Juma'a, 11 ga Oktoba, azahar

Ba gajiya ba ce.

Asabar, 12 ga Oktoba, da yamma

Na je Fordham Road sayen daddawa da kuka a shagon Tanti Ramatou, 'yar Maraɗin nan da ta riƙe ni kamar ɗiya tun zuwana. Ban ce mata komai ba. Ita ce ta ajiye ledar ta kama haɓata.

"Ɗiyata, mi ya same ki? Kin rame."

Na ce aiki. Ta ce aikin ƙaniya. Sai na ji bakina ya suɓuce, na ce leɓena ne ke ɗan rawa in na sa ƙaho. In ina magana lafiya, in ina cin abinci lafiya, sai ƙarfen ya taɓa shi.

Ta tafa hannu. "Voilà! Ni na hwaɗi. Muryar babanki ta zagaye duniya, har gurup ɗinmu na matan Bronx an turo ta, yana ta kirari, ɗiyata kaza, ɗiyata kaza, ta fi Turawa. Kowa na jin daɗi yana yabo, ba mai cewa tubarkalla. Kambun baka ne, kin jiya? Baki ne ya kama ki."

Na yi dariya. Ta ce in yi ta yi. Ta cusa mini man kaɗanya da habbatus sauda a jaka, ta ƙi karɓar ko sisi a kansu. A jirgin ƙasa na buɗe man na shafa, ina kallon gefe kada wani ya gan ni. Wa ya san ni ma a jirgin?

Talata, 15 ga Oktoba, da safe

Na canza bakin ƙaho, na sa mai faɗi. Na koma tsohon. Na tsaya gaban madubin banɗaki ina busawa ina kallon fuskata. Ana ganinsa. Ɗan wuri ne a leɓen sama, gefen hagu, yana ɓari kamar fatar idon da ke rawa, iska na zurarewa ta nan. Na ce masa tsaya. Wallahi da baki na ce masa tsaya, kamar akuya.

Na daina tura wa Baba abin da nake ɗauka in ina atisaye. Na ce masa wayar ce ta cika.

Alhamis, 17 ga Oktoba, magariba

Mun yi faɗa da Dikko. Ya dawo daga aiki a asibiti, ko takalmi bai cire ba, ya ce ya samo mini ganin likitan jijiya ranar Talata. Na ce wa ya aike ka? Ya ce, "Zuhura, ni mijinki ne, bango ɗaya ne tsakanina da ɗakin da kike busa. Kin ɗauka ba na ji?" Na ce kai da ba ka san bambancin ƙaho da hon ɗin mota ba? Ka tsaya kan ƙwayoyin maganinka.

Bai rama ba. Ya shiga kicin ya ɗora shinkafa. Na tsani mutumin da ba ya rama faɗa, sai ya bar ki tsaye da maganarki a hannu kina jin warinta.

Zan je.

Talata, 22 ga Oktoba, la'asar

Likitan ya sa na zo da ƙahon. Na busa masa a ɗan ɗakinsa, yana kallon bakina ta kusa kamar mai duba ƙwai. Ya ce leɓen lafiyarsa ƙalau, ba abin da ya yage. Wai saƙon da ke saukowa daga kai ne ya rikice, kuma ga masu irin aikina yake zuwa, waɗanda suka maimaita abu ɗaya har jiki ya gaji da ji. Na ce to a warware shi mana, ina da wasa farkon wata. Ya cire tabarau ya ajiye.

Ya faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi ba.

Na tambaye shi ko ana dawowa. Ya ce wasu, bayan shekaru, in sun sake koyo daga farko. Na ce sauran fa? Ya ce akwai hanyoyi da yawa na zama da kiɗa a rayuwa. Allah na tuba, na ji kamar in kwaɗa masa ƙahon a ka.

Dikko na jira a waje. Muka taho har feri. Ya riƙe mini jakar ƙahon, ban hana shi ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da hantsi, cikin feri

Baba ya kira, ba saƙo ba, kira. Wai Kofur Audu mai babbar ganga zai taso tun daga Zariya, wai Mama za ta yi waina. Yana ta zuba, sai ya tsaya.

"Uwata, muryarki ba daidai ba. Lafiya?"

Na ce, "Baba, baki ne ke ɗan damuna."

Na duba wayar ko layin ya yanke.

"Baki?"

"E."

"Na wa?"

Kalma ɗaya ce amsar, kuma kusan ita ya faɗa. Ta zo mini har kan harshe. Sai jirgin ya yi hon za mu tsaya, mutane suka miƙe, na ce Baba mun iso, zan kira ka. Ban kira ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da safe

Ba saƙo.

Asabar, 26 ga Oktoba, da safe

Ba saƙo. Na kashe wayar na kunna.

Lahadi, 27 ga Oktoba, azahar

Mama ta kira ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ina jin ƙarar sakatar.

"Ke me kika gaya wa babanki?"

Ashe tun ranar Alhamis ya je ya soke kujerun. Ya mayar da janareta. Ya sauke hotona da ke falo, wanda nake riƙe da ƙaho, ya sa a ƙarƙashin katifa. Ya ce bakinsa ne ya kama ni, shi ya yi ta yawo da sunana a gari kamar mai tallan goro. Yanzu wai kullum in ya karya sai ya ɗauki sandarsa ya bi gidajen da ya taɓa yin alfahari da ni, ɗaya bayan ɗaya, yana roƙon su ce tubarkalla masha Allah a kan 'yarsa. Har wajen mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ya je. Mutumin da gwiwarsa ba ta kai shi masallacin layi sai da hutawa!

Ta ce ya yi rantsuwa ba zai ƙara yabona ba, ba zai ma ambaci aikina ba, har sai na gama wasan lafiya. Shi ya sa ba saƙo. Ya ce in ya buɗe baki bai san abin da zai fito ba.

"Zuhura, da gaske baki ne? Ko wani ciwo ne kike ɓoye mana?"

Na ce Mama ku dai ku yi ta addu'a.

Na san abin da na yi. Ina sane. In na ce masa ba shi ba ne, sai in faɗi ko mene ne, in kuwa na faɗa da bakina ya tabbata. Nasa yana da magani. Nawa likita ya cire tabarau.

Laraba, 30 ga Oktoba, da yamma

Dikko ya ce, "Kina barin tsoho yana yawo a rana saboda abin da bai yi ba." Na ce uban wa? Naka ko nawa? Ya ce nawa ne shi ma. Na shige banɗaki na saki ruwan famfo don kada ya ji.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da hantsi

Abin ya fita! Wallahi ya fita! Na ɗauki ƙahon da safe ba tare da na sa rai ba, na yi buɗewar nan daga farko har ƙarshe, tas, kamar da. Na sake. Tas. Na sake har maƙwabciyarmu ta sama ta buga ƙasa da tsintsiya, na ce buga, Hajiya, buga da kyau!

Yau Juma'a, Mama ta ce Baba ya yi sadakar waina a ƙofar gida. Ni da na yi digiri biyu a kan ƙarfen nan, na zauna a bakin gado ina lissafin bambancin awa tsakanin nan da Kaduna, ina son in ga ko lokacin ya yi daidai. Ya yi kusa. Na kira Tanti Ramatou, ta yi guɗa a cikin shago.

Likitan ya ce za a riƙa samun ranaku irin haka. Oho dai. Shi ma ai ba Allah ba ne.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da safe

Ya dawo.

Laraba, 6 ga Nuwamba, bayan la'asar

Babban gwaji. Mai sanda, jagoran kiɗan, ya ɗaga hannu, ya dube ni, ya sauke. Iska ta fito. Iska kawai, fuuu, kamar mai hura gawayi. Ya ce ba komai, mu sake. Na biyun ya fito amma yana rawa. Ba wanda ya juyo. Duk ƙeyoyin nan a gabana, ba wadda ta motsa, nan na san kowa ya ji.

Misis Dolan mai kula da ma'aikata ta tare ni a matakala. Murya ƙasa ƙasa, hannu a kafaɗata. Wai in ina so Peter ya karɓi buɗewar, ni in riƙe sauran, ba wanda zai ga laifina. Na ce kujerar wa ake gwadawa, tawa ko tasa? Ta ce tawa. Na ce to ni zan buɗe.

Taurin kai ne, na sani. Amma in ban busa ba, yawon da tsohon nan yake yi a rana na mene ne?

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da safe

Ba saƙo. Na saurari wani tsohon saƙo na watan jiya. Ina kewar a kira ni mai bakin zinariya, ko da ƙarya ne.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, kafin magariba

Na goge baƙar rigar. Na shafa man Tanti. Na yi duk addu'ar da na iya. Yau ne wasan farko, Lahadi na biyu.

Asabar, 9 ga Nuwamba, azahar

Na busa.

Asabar, la'asar

Dikko ya ce ba kowa ya lura ba. Na ce Dikko, don girman Allah, yau ɗaya kada ka yi mini kirki.

Wani ya yi tari a bene. Shi na fi tunawa. Da hannun mai sanda da ya tsaya a sama yana jira, yana jira. Da yadda Peter ya shigo a hankali ta ƙarƙashina ya ɗauke layin, kamar mai karɓar tulu daga kan yarinya kafin ya faɗi. Bai dube ni ba. Da aka gama ya ce mini, "Yi haƙuri." Shi ke ba ni haƙuri!

Misis Dolan ta kira ɗazu. Peter zai yi na gobe gaba ɗaya. Ni in tafi hutun jinya. Kujerata ta biyu tana jirana zuwa ƙarshen kakar wasa, daga nan a zauna a duba. Ta ɗayar ba ta ma ambace ta ba, ni ma ban tambaya ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Yanzu suke farawa. Ina cikin feri. Na je Manhattan na dawo, na sake komawa, ban sauka ko'ina ba sai inda dole a sauka a sake shiga. Hannuna sai neman jakar ƙahon yake yi a gefena.

Litinin, 11 ga Nuwamba, da hantsi

Mama ta ce shi kaɗai ya kalla, a wayarta, a ɗaki. Ya ga wani Bature a wurina. Ya miƙa mata wayar. Yanzun nan kuma ya ɗauki sanda zai fita, wai ya tuna akwai wani direba a Kawo da ya taɓa nuna wa hotona.

Na ce ta tsayar da shi. Ta ba shi wayar.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau, Uwata." Daga nan bai ƙara ba. Ina jin yadda yake riƙe da sauran.

Na zauna a ƙasan kicin. Na ce, "Baba, ranar nan ka tambaye ni na wa. Nawa ne. Leɓena ne. Ba kai ba ne, ba mutanen gari ba ne. Ciwo ne, likita ya gani. Na bar ka kana ta yawo, ka yafe mini."

Sannan ya ce, "Na sama. Gefen hagu."

Na ce wa ya gaya maka? Dikko?

"Wa zai gaya mini? Dogon sautin da kika turo mini tun watan Satumba, na ji wutsiyarsa tana rawa. Kunnen nan ya tsufa amma bai mutu ba. A bariki na ga ya kama mutum biyu."

"Sun dawo?"

"Ɗaya ya koma ganga."

Ban tambayi ɗayan ba. Sai na ji raina ya ɓaci, wallahi ya ɓaci, na ɗaga masa murya abin da ban taɓa yi ba. Na ce to in ka sani, me ya kai ka bin gidajen mutane da wannan gwiwar? Me ya sa ka sauke hotona? Me ya sa ka yi mini shiru lokacin da na fi bukatar in ji ka?

Ya ce, "Uwata, in nawa ne ai ina iya rufe shi. Naki kuwa me zan yi masa?"

Na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina bariki, shi kuma bai ce in yi shiru ba. Muka zauna haka, shi a Kaduna ni a ƙasan kicin, kowa da waya a kunne, har layin ya yanke da kansa.